Na bi abokin aikina zuwa wurin bautarsu na Neasden, ga abin da na gani

Baban Ikram:
Assalamu alaikum 'yan gida. Mai Unguwa a yi mini uzuri, yau ba maganar biza ko kuɗin haya na kawo ba.

Ina da abokin aiki Bahindu, iyayensa 'yan Gujarat ne na Indiya, amma a Kampala aka haifi babansa. Shekara 6 muna tare, kuma duk azumi shi yake karɓar mini aikin yamma don in sha ruwa da iyalina. Ya daɗe yana cewa in zo in ga wurin ibadarsu na Neasden, wata unguwa a Landan, ni kuma ina ta zille-zille. Washegarin Diwali, bikinsu na fitilu, dai kunya ta kama ni, na bi shi.

Tun daga titi za ka hango ginin fari fat, kamar an ɗauko shi daga Indiya an dire shi a tsakiyar gidajen Turawa. Wanda ya nuna mana inda za mu ajiye mota, sanye da rigar nan mai ƙyalli, abokina ya raɗa mini cewa likitan haƙori ne, ranar hutunsa ce ya zo yin aikin sa-kai. Muka cire takalma, maza gefe mata gefe, an hana ɗaukar hoto. A ciki babu inda idonka zai sauka bai ga sassaƙa ba, ginshiƙai da rufi duka. Gumakan kuwa an yi musu ado kamar ango da amarya, da rawani da sarƙoƙi da furanni.

Ranar suna kiranta Annakut. An jera abinci hawa-hawa kamar matakalar bene, kala sama da 1,000, babu nama, babu ƙwai, ko albasa da tafarnuwa babu. Can sai aka kaɗa ƙararrawa, aka ɗauki ganga, wani mai tufafi ruwan goro ya ɗaga faranti mai lagwani da aka jiƙa da man shanu, yana zagaya wutar a gaban gumakan, jama'a na waƙa suna tafi. Da aka gama aka riƙa bin mutane da wutar, kowa ya ɗora tafukan hannunsa a samanta ya shafa a fuska da ka. Da tsohon da ke riƙe da ita ya iso kaina na cusa hannuwana a aljihu. Ya yi murmushi ya wuce, bai ce uffan ba.

A hanyar fita aka ba ni ɗan kwali na alawa. Yana nan a kan firji, kwana 3 ke nan, ban ci ba ban zubar ba.

Tambayata biyu. Shigar da na yi laifi ne? Alawar nan ya zan yi da ita? Akwai ta uku amma sai an amsa waɗannan.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Subhanallah. Baban Ikram me ya kai ka? Wurin da ake shirka ƙiri-ƙiri, ka tsaya kana kallon rawani da sarƙa? Ka yi istigfari, alawa kuma kwandon shara. Ba sai an jira malami ba.

Maman Sadiya:
Kai Abu Sumayya, a sannu mana. Mutum ya kawo tambaya ka tare shi da tsawa. Mu da muka tashi da kaset ɗin finafinan Indiya, wa bai san Bagwan ba? Tun muna firamare muka san in jaruma ta shiga uku sai ta ruga ta kaɗa ƙararrawar nan tana kuka. Bambancin kawai shi ya ji ƙamshin turaren tsinken, mu a talabijin muka tsaya.

Abu Sumayya:
Hajiya wannan ma ai wata musibar ce daban, ba hujja ba ce.

Malam na Leicester:
Salamu alaikum. Baban Ikram, maganar shiga wurin bautar waɗanda ba musulmi ba, malamai sun yi saɓani tun da can. Akwai waɗanda suka hana, musamman in da gumaka ko hotuna, akwai waɗanda suka ce makaruhi ne, akwai waɗanda suka halatta in da dalili kuma mutum bai shiga cikin bautar ba. Kai ba ka rusuna ba, ba ka shafa wutar ba, to ba ka yi bautar ba. Sai dai ni da ka tambaye ni kafin ka tafi, da na ce ka zaɓi ranar da ba bikinsu ba, ka je lokacin da babu hidima, ka ga gini ka fito.

Alawar kuma sunanta prasad a wurinsu, ma'anarta abin da aka fara miƙa wa abin bauta sannan aka raba. Ayar Baƙara ta 173 ta ambaci abin da aka kira sunan wanin Allah a kansa. Asalin maganar a kan yanka take, amma abin da aka yi bakance da shi ga gunki barinsa shi ne kuɓuta. Kada ka ci. Amma kada ka jefa a shara a gaban mutumin, kada kuma ka yi masa ƙaryar ka ci.

Abu Sumayya, kishinka mai kyau ne, amma ka duba An'am aya ta 108, an hana mu zagin abin da suke bauta wa don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. A zauren nan akwai masu tura abin da aka rubuta zuwa wasu wurare.

Abu Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, ban zagi kowa ba, sunan abu na faɗa. Amma na ji.

Baban Ikram:
Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. To ga ta ukun, wadda ita ce ta hana ni barci.

Da muka sauko, yara ne ko'ina, waɗanda a nan Ingila aka haife su, wasu ma iyayensu nan aka haifa. Da Turanci suke wasa tsakaninsu, amma da zarar tsohuwa ta yi musu magana sai su juya Gujarati, tsaf. Abokina ya ce duk ƙarshen mako akwai ajin harshe, akwai taron yara daban, na matasa daban. Ni kuwa Ikram tawa shekararta 9, in kakarta ta kira daga Kano ta ce "ina kwana", sai ta yi dariya ta miƙo mini waya. Mu me muka rasa?

Ɗalibar Belgrave:
Baba wannan tambayar ita ce magana. Ina zaune kusa da Belgrave Road a Leicester shekara 3 yanzu, kuma ina ɗan karance-karance a kan mutanen nan saboda aikin makaranta.

Abin da ka gani a Neasden ba a dare ɗaya ya tsiro ba. Ƙungiyar BAPS ce, mabiya Swaminarayan, wata ɗariƙa a addinin Hindu. Wurinsu na farko a Landan wata tsohuwar coci ce da aka daina amfani da ita a Islington, suka saya suka buɗe a 1970. A watan Agustan 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Yuganda kwana 90 su bar ƙasar, kusan 28,000 suka sauka Birtaniya, yawanci da akwati ɗaya. Har majalisar birnin Leicester ta sa talla a jaridar Yuganda tana cewa kada su zo nan. Suka zo ɗin. Yau titin da nake bi in je kanti su ne ke da shi, kuma fitilun Diwali na Belgrave ana zuwa kallonsu daga wasu garuruwa.

Na Neasden sun fara komawa wani tsohon sito ne a 1982. Ginin da ka shiga an buɗe shi a Agustan 1995. Dutsen farar ƙasa daga Bulgeriya, farin dutsen mabul daga Italiya, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya, masassaƙa sama da 1,500 suka sassaƙa, aka sake lodo su zuwa Landan guntu-guntu, fiye da guda 26,000, aka harhaɗa. Kuɗin ya kai fam miliyan 12, kuma daga aljihunsu ya fito. Abin da ya fi tsaya mini a rai, har gwangwanayen lemo suka riƙa bi suna tsinta ana sayarwa, miliyoyin gwangwani. A koyarwarsu mutum yana ware kashi ɗaya cikin goma na abin da ya samu, in ba shi da ƙarfi ɗaya cikin ashirin.

Ɗan Nima:
Tsintar gwangwani! Ka ce wa ɗan'uwanmu mai digiri biyu ya tsinci gwangwani a Peckham don ginin jama'a, ka ga ko zai sake gaishe ka.

Ɗan Damagaram:
Ina gaida mutanen Ingila. Mu nan Faris namu Indiyawan daban ne, Tamil ne, akasari daga Sirilanka, yaƙin da ya ɓarke a 1983 ne ya koro su. Kartiyen La Chapelle, bayan Gare du Nord, nasu ne, can nake sayen shinkafa da yaji. Wurin bautarsu na Ganesh, mai kan giwa, ɗan ƙarami ne a titin Pajol, in ba a nuna maka ba sai ka wuce ka ɗauka shago ne.

Amma ranar bikinsa, ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, sai ka rantse ba Faransa kake ba. Ana rufe tituna. Maza babu riga babu takalmi suna jan keken gunkin da igiyoyi masu kauri, mata na ɗauke da tukwanen ƙasa a ka ana ƙona kafur a ciki. Kowane mai shago ya tara tsibin kwakwa a ƙofarsa an barbaɗe da kurkum. In keken ya iso sai samari su hau fasa su a kan kwalta da dukan ƙarfi. Shekarar farko da na gani ruwan kwakwa ya jiƙa mini wando har gwiwa, ni dai zuciyata na ta lissafin sefa nawa ake fasawa a ƙasa. Mai shagon da nake ciniki wurinsa ya ce ɓawon shi ne girman kai, sai an fasa shi ake ganin farin ciki, wato farin da ke ciki.

Abin lura, a garinsu ba wanda za su nemi izininsa. Nan kuwa sai takarda daga hukuma, sai 'yan sanda, sai a zaɓi Lahadi don kowa na hutu, ko da ranar bikin ta ainihi tsakiyar mako ta faɗo.

Malam na Leicester:
Wannan na ƙarshen mu ma mun san shi. Nawa ne cikinmu suke mayar da walimar suna ranar Asabar don ranar bakwai ta faɗo Talata?

Maman Sadiya:
To ni bari in kawo nawa ƙorafin kafin ku gama yabo. A layinmu akwai wani ƙaramin wurin bautarsu, da ɗakin taro ne suka saya. In Navratri ta zo, dare tara cur, ganga da rawar da'ira da sanduna, ga motoci an toshe mini ƙofa, ni kuma ina da aikin asuba. Bara na fita da zani a ƙirji da mayafi na same su. Gaskiya sun ba da haƙuri, washegari har sun sa yaro yana gadin ƙofata. Da na huce na tuna yadda muke yi wa Turawan layin masallacinmu ranar Juma'a da tarawihi, sai na ja bakina na yi shiru.

Amma abin da ban manta ba a wurin aiki ne. Ina kula da tsofaffi. Wata tsohuwa 'yar Gujarat ta zo gargara, 'ya'yanta suka shigo da wata 'yar tukunyar tagulla da aka liƙe bakinta. Suka fasa liƙin, suka ɗiga mata ruwan a baki, suka ɗora mata ganyen tulsi, wani tsiro da suke girmamawa, a harshe. Babbar 'yar ta ce mini ruwan kogin Ganga ne, shekaru yana ajiye a gidan don wannan ranar. A shagunan Ealing Road ma ana sayar da shi. Ban ce komai ba, amma jarkar zamzam ɗin da ke ƙarƙashin gadona ce ta faɗo mini.

Abu Sumayya:
Hajiya don Allah kada a haɗa zamzam da wannan.

Maman Sadiya:
Ban haɗa su a hukunci ba ɗana, na faɗi abin da ya zo mini a zuci ne. Baƙo ko'ina yake sai ya ɓoye wani abu na gida.

Ɗalibar Belgrave:
Maganar mutuwa ma sun nemo mata hanya. Su ƙona gawa suke yi, a zuba tokar a ruwa mai gudu. Masu hali suna kai ta Indiya. Marasa hali, ko waɗanda 'ya'yansu duk suna nan, akwai wurin da hukuma ta amince a kogin Soar, arewa da Leicester, ana hayar ƙaramin jirgin ruwa a je a zuba. A Morishiyas, inda Turawa suka kai kakanninsu aikin rake tun daga 1834, wani tafki suka samu a kan tsauni, a 1972 aka kawo ruwan Ganga aka zuba a ciki, yanzu sunansa Ganga Talao, duk shekara ana tattaki zuwa can a ƙasa.

Amma Baba kada ka ɗauka komai nasu zuma ne. Rabe-raben asali da suka taho da shi bai mutu ba. Patel suna da zaurensu, Lohana suna da nasu, waɗanda ake ƙasƙantarwa a can gida kamar mabiya Ravidas da Valmiki wuraren ibadarsu daban suka gina. Ƙawata a makaranta ta ce ita addu'o'in da ake yi da Sanskrit, tsohon harshen addininsu, haddarsu kawai ta yi, ba ta san abin da take cewa ba. Sannan ina nan a Satumban 2022 lokacin da rikici ya tashi tsakanin samarinsu da samarin musulmi bayan wasan kurket na Indiya da Pakistan. Kwana da kwanaki ban fita da daddare ba. Siyasar can gida tana biyo mutane har nan, ta waya.

Injiniya Abu Dhabi:
Na shigo a makare. Mu nan labarin ya sha bamban, babu tsintar gwangwani wajen samun fili. Gwamnati ce ta ba su, eka 27, a hanyar Dubai. BAPS ɗin nan dai ce ta gina, aka buɗe ranar 14 ga Fabrairun 2024, Firaminista Modi da kansa ya zo. Jan dutse daga Rajasthan, hasumiya bakwai, an ce kowace ɗaya a madadin masarauta ɗaya ta ƙasar. Ni ban shiga ba, amma leburorin da ke ƙarƙashina, waɗanda ke kwana su takwas a ɗaki, ranar hutu haɗa kuɗin bas suke su tafi. Washegari za ka gan su da jan ɗigo a goshi, fuska a sake. A Dubai kuwa tun a 1958 suka buɗe ɗan wuri a cikin kasuwar Bur Dubai.

Abu Sumayya:
A Jazirar Larabawa. Inna lillahi. Wannan kam ba zan ce komai ba don Malam ya hana.

Ɗan Nima:
Ku bar na Larabawa, ku zo Ankara ku sha mamaki. A Odorkor akwai wurin bautar Hindu wanda baƙaƙen fata ne suka cika shi, 'yan Gana tsantsa. Wanda ya kafa shi ɗan ƙasar ne, Swami Ghanananda, a 1975 aka naɗa shi. Ka ga Kwame da Akosua sun naɗe ƙafa suna waƙa da harshen Indiya.

Amma ni tambayar Baban Ikram ce ta dame ni, don ya yi magana kamar Bahaushe bai san wannan aikin ba. Wa ya kafa zango a Kumasi da Ankara? Wa ya kafa Sabo a Ibadan? Mai Wurno da ke Sudan fa, ba mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ba ne da suka wuce gabas bayan yaƙin Burmi a 1903? Kakanninmu in sun sauka a gari, masallaci ne farko, sai makarantar allo, sai a naɗa sarkin zango. Ni kakan kakana ne ya zo fataucin goro, ga shi da Hausa nake rubuto muku. Har waɗanda ba Hausawa ba a zango Hausa suke yi.

Malam na Leicester:
Ɗan Nima ka taɓo wurin. Ni a ganina bambancin shi ne wannan. Bahindu in ya sauka Ingila bai tarar da wurin bauta ba, dole ya gina, kuma da ya gina sai harshensa da abincinsa da auren 'ya'yansa duk suka fake a ciki. Mu da muka zo mun tarar 'yan Pakistan da Bangaladash da Somaliya sun riga sun gina masallatai. Ƙidayar 2021 ta nuna musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, Hindu miliyan 1. Sai muka bi sahu muka yi salla, alhamdu lillahi addini bai ɓata ba. Amma huɗuba da Urdu ko Turanci, islamiyyar yara da Turanci. Ba inda yaro zai ji Hausa sai kicin ɗin uwarsa.

Baban Ikram:
Wallahi Malam haka ne. Ikram ta iya "jazakallah" irin na 'yan Pakistan, ba ta iya "na gode" ba.

Abu Sumayya:
To a nan ina tare da ku. Harshe ba addini ba ne, amma yaron da ba ya jin maganar kakarsa an cuce shi. Sai dai ba sai mun je gidan gumaka za mu koyo wannan ba, Ɗan Nima ya riga ya faɗa, gadonmu ne.

Mai Unguwa:
Na bar ku kun yi ta yi don maganar ta yi amfani. Yanzu a sauko ƙasa. Akwai ɗakin taro kusa da ni da ake bayarwa fam 40 awa biyu ranar Asabar. A zauren nan 'yan Landan kaɗai mun fi 60. In gida goma suka yarda, fam 4 ke nan kowane mako. Wa zai koyar, wa zai kawo yara? A rubuta suna a ƙasa, ban son "Allah ya sa alheri" kawai.

Ɗalibar Belgrave:
Zan iya koyarwa ta bidiyo sau biyu a wata, in ba lokacin jarrabawa ba.

Maman Sadiya:
Jikokina biyu. Zan kawo fanke. Amma Mai Unguwa a fara gaya mana wa zai riƙe kuɗin, don na asusun jana'iza da muka fara tarawa shekara 2 da suka wuce har yau ban ji bayaninsa ba.

Mai Unguwa:
Hajiya wannan maganar a kira ni a waya.

Maman Sadiya:
A'a ranka ya daɗe, a nan aka tara, a nan za a yi bayani.

Baban Ikram:
A sa sunan Ikram da ƙaninta. Alawar kuma na mayar wa abokina yau da safe, na gaya masa gaskiya cewa addinina bai ba ni damar ci ba. Ya ce ai ya sani, ya yi mamaki ma da na karɓa, shi ma naman layyar da na kai masa shekarar farko maƙwabcinsa ɗan Jamaika ya ba.

Ɗan Damagaram:
Mai Unguwa muna jiran bayanin asusun, mu ma na Faris mun sa hannu a ciki.